Yaya, ga labarin katin bashi da 'yan damfarar Ingila

Salam Yaya, ya gida ya yara, ya jikin Inna? Ka tambayeni wai gaskiya ne a nan banki ke bawa mutum kati ya ci bashi yadda yaso, to gaskiya ne amma ba yadda yaso ba, akwai iyaka. Kaga katin da muka saba dashi a gida na cirar kuɗi ne, abinda ke cikin akawun ɗinka shi zaka taɓa, in babu babu. Nan Manchesta ina da irin wannan kuma ina da katin bashi, wanda kuɗin banki kake kashewa sai ƙarshen wata su turo maka lissafi. Nasan zaka ce kuɗin ruwa fa? Nima shi ya hanani karɓa kusan shekara biyu, sai da na gane in ka biya duka kafin ranar da suka sa ba a ɗora maka ko sisi, in ka bari ya kwana ne ruwan ke hawa, kuma yana hawa da nauyi sosai. Duk da haka akwai 'yan uwa a masallacinmu da basa taɓa shi sam, kuma ban ga laifinsu ba.

Abinda yasa na zauna rubuta maka shine abinda ya sameni lokacin sanyin da ya wuce. Na sayi rigar sanyi ta intanet ina jiran a kawo, sai ga imel wai daga kamfanin kai saƙo, da tambarinsu da kalarsu da komai tsaf, wai an zo ba a sameni ba, in biya fam ɗaya da 'yan kai a sake kawowa. Wlh ban kawo komai a raina ba tunda dama ina jiran kaya, na danna na cike suna da adireshi da lambar kati har da lambobi ukun nan na baya. Bayan kwana biyu wani ya kirani, murya a natse, yace daga sashen yaƙi da zamba na bankina yake, kuma lambar da ta fito a wayata irin ta bankin ce sak, ashe suna iya ɓad da lamba haka. Ya faɗi sunana da unguwata, yace an shiga akawun ɗina, in yi maza in kwashe kuɗina zuwa wani amintaccen akawun da suka buɗe min, kuma in karanto masa lambar da zata shigo yanzu. To nan ne gabana ya faɗi, don wannan maganar ta karanto lamba ai mun santa tun a gida, ita ce dai ta masu kira suce Alhaji BVN ɗinka ya samu matsala za a rufe maka akawun. Na kashe wayar.

Nan akwai lamba 159, tun 2021 aka kawo ta, kana bugawa zata haɗa ka da bankinka na gaskiya. Ita na buga, matar tace basu suka kira ba kuma banki baya taɓa cewa ka matsar da kuɗinka wani wuri, nan take ta rufe katin, sabo ya iso ta gidan waya cikin 'yan kwanaki. Ba layi, ba cike fom, ba jeka ka dawo gobe babu netwok. Amma fa kar ka ɗauka komai daɗi ne, rassan banki sai rufewa suke a garuruwa, komai ta waya ko manhaja, wani lokacin ka daɗe kana jin kiɗa kafin a ɗauka, dattijo irin Baba da ya saba zuwa ya ga manaja ido da ido zai sha wuya a nan.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shine doka. Akwai dokar 1974 ta masu cin bashi, sashe na 75, in ka sayi abu da katin bashi wanda ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000 sai mai kayan ya cuce ka ko kamfanin ya rushe, bankin da ya baka katin ma yana da alhakin biyanka. Katin cirar kuɗi bai da wannan, shi yasa tikitin jirgi na zuwa gida da katin bashi nake saya. Sannan daga Oktoban 2024 in an yaudare ka ka tura kuɗi da hannunka zuwa wani akawun na cikin ƙasar, banki zai mayar maka har zuwa fam 85,000, sai dai in sun ga ka yi mummunan sakaci. Kuɗin da aka tura waje kuwa, kamar Najeriya, baya ciki.

Yanzu ni dai duk imel ɗin da yace in gaggauta, ko an toshe min kati, ko wai hukumar haraji zata dawo min da kuɗi, bana danna komai a ciki. Ina duba adireshin wanda ya turo harafi harafi, sai in shiga manhajar bankin da kaina ko in kira lambar da ke bayan katin. Na bogin ana tura su report@phishing.gov.uk, in tes ne kuma 7726, kyauta.

Dan Allah ka nunawa Auta wannan tunda yana shirin zuwa karatu, sabbin zuwa suna saurin faɗawa don basu san yadda takardun hukuma na nan suke ba. Kuma ka gaya wa Inna, in wani ya turo saƙo da sunana wai na canza lamba ina cikin matsala a turo kuɗi, kar kowa ya tura komai sai kun kirani a tsohuwar lambata kun ji muryata. A gaida mutanen gida duka.