Zauruka biyu na masu tsukewar ƙashin baya: wanda na bari da wanda na zauna

Ranar da likita ya ɗaga hoton MRI ya nuna min inda ramin ƙashin bayana ya tsuke, tsakanin gaɓa ta 4 da ta 5 a ƙugu, na fahimci bayaninsa sarai. Jijiyoyin da ke sauka zuwa ƙafafu suna bi ta wata magudana ce a tsakiyar ƙashin. Da shekaru suka ja, faifan da ke tsakanin gaɓoɓi ya bultso, tantanin da ke ɗaure su ya yi kauri, ƙashi ya yi tsiro, sai hanyar ta matse. Sitenosis suke ce masa, kuma ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50. Abin da ban samu a wurinsa ba shi ne yadda mutum zai wuni ya kwana da wannan lalura. Ban ga laifinsa ba, akwai layin marasa lafiya a bayana.

A gida kuwa, damuwata ita ce ciwon ba ya nuna kansa. In ina zaune garau nake, da ni ake hira da dariya. Da na miƙe na yi tafiyar minti 5, sai ƙafafu su yi nauyi, cinya ta ɗauki zafi, tafin ƙafa ya sage. In na zauna ya lafa. Wanda bai sani ba zai ɗauka raki ne. Wannan ya sa na shiga cigiyar masu irin ciwona, yau wata 14 ke nan.

Na farko da na samu babban zaure ne a intanet, mai dubban mutane, galibinsu daga Amurka da Ingila. Samunsa ba wuya: ka rubuta sunan ciwon yadda yake a takardar asibiti a Facebook ko Reddit, za su fito maka. Daren farko na karanta wata tana cewa ba ta iya zaga babban kanti sai ta jingina da keken ɗaukar kaya. Ashe likitoci ma sun san wannan alama: sunkuyawa gaba tana ɗan buɗe magudanar, gantsarewa baya tana ƙara tsuke ta. Ni da na daɗe ina jin kunyar tafiya a duƙe, sai da na yi hawaye. Wannan alheri ba zan manta da shi ba.

Amma mako 3 kawai na iya yi a ciki. Wanda ya samu sauƙi yakan kama harkar gabansa ya daina leƙowa, wanda abin ya tsananta gare shi ne ke rubutu dare da rana. Saboda haka kusan duk abin da kake karantawa labarin tiyatar da ba ta yi nasara ba ne. Ba ƙarya suke yi ba, ina tausaya musu ƙwarai, sai dai ni barci ya ƙaurace min. Ga masu biyo ka ta saƙon sirri da tallan ƙwayoyi da bel, wai suna buɗe ƙashin baya. Babu ƙwayar da ke faɗaɗa ƙashi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda wasu ke faɗa wa juna adadin gabafentin ko firegabalin da za a sha, alhali magunguna ne masu sa jiri da barci, kuma mai ciwon ƙoda ba ya shan su yadda kowa ke sha. Sai na fice.

Na biyun, likitar gashin ƙashi da ke duba ni ce ta haɗa ni da su. Mu 11 ne, muna haɗuwa ta kiran bidiyo duk bayan mako 2, awa ɗaya. Wata dattijuwa da muke kira Hajiya, wadda aka taɓa yi wa aikin baya, ke jagoranta, likitar gashin kuma tana shigowa sau ɗaya a wata. Dokoki uku ne: ba a rubuta wa kowa magani, ba a talla, abin da aka faɗa a zauren ya tsaya a nan. Kafin a fara komai, Hajiya takan karanta alamomin da ba a jira da su: fitsari ko bayan gida ya riƙa kuɓucewa, ko fitsarin ya ƙi fita, sagewa tsakanin cinyoyi da mazaunai, ko ƙafa ta yi ta rasa ƙarfi cikin gaggawa. Wanda ya ga ɗaya, asibiti zai nufa a take. Da farko na ga maimaicin ya yi yawa. Sai wata rana wani sabon shiga, wanda tsukewar tasa a wuya take, ya ce kwanan nan ɓalla maɓallin riga na ba shi wahala, cokali na faɗuwa daga hannunsa. Ba wanda ya ba shi shawarar motsa jiki. Hajiya ta ce, "Malam, don Allah kada ka jira ranar da aka ba ka, ka kira likitanka gobe." A wuya lakar kanta ake dannewa, shi ya sa ba a wasa da ita.

Abin da na ƙaru da shi ƙananan dabaru ne, amma su suka gyara min yini. In auna tafiyata da agogo in rubuta. In zauna kafin ciwon ya taso, ba sai ya durƙusar da ni ba. In riƙa fita da kujerar naɗewa. In kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Likitar ce ta ce min, "Baba, gwada keken motsa jiki na tsaye wuri ɗaya," domin a kansa mutum a sunkuye yake, kuma lallai ina yin minti 20 a kai ba tare da ƙafa ta sage ba. A nan ne kuma na ji maganar tiyata daga bakin wanda ta yi wa rana da wanda bai ji daɗinta ba, a zama ɗaya. Na gane aikin da ake cire ɓangaren ƙashin don jijiya ta sarara ya fi taimakon ciwon ƙafa a kan na bayan kansa, allurar da ake yi a baya kuma sauƙinta na ɗan lokaci ne.

Ba zan ce babu cikas ba. Wani lokaci intanet kan yanke ana tsakiyar magana. Akwai ranar da mutum ɗaya zai cinye rabin lokacin, kuma kunya ta hana a katse shi. Wanda aka haifa da tsukakkiyar magudana, ciwon ya same shi da ƙuruciya, zai ji kansa bare a cikinmu, don duk manya ne.

Wanda yake nema, ya fara tambayar sashen gashin ƙashi ko asibitin da ke kula da ciwo mai daɗewa. Idan babu zauren masu wannan lalura takamaimai, na masu ciwo mai daɗewa ma ya wadatar; a Amurka tun 1980 wata mata mai suna Penney Cowan ta kafa ƙungiya irin wannan, wadda marasa lafiyan da kansu ke tafiyar da zamanta. Kafin ka saki jiki, ka duba ko akwai mai jagora, ko ana hana talla, ko waɗanda suka ji sauƙi suna nan har yanzu.

Ni dai magudanar tana nan a tsuke yadda take. Tafiyata ta tashi daga minti 5 zuwa 12. Wata mai zuwa zan koma wurin likitan ƙashi da littafina, da tambayoyi uku kan tiyata waɗanda 'yan zauren suka taya ni tsarawa.