Kwana Biyar a Gonar Shanu: Wasiƙa Zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kun yi Babbar Sallah lafiya. Yaya su Inna da yara, yaya ruwa? An ce min damina ta kankama a Kaduna, Allah ya sa mai albarka ce.

Ka ce in ba ka labarin bikin waƙe-waƙen da na je a nan Ingila a ƙarshen watan Yuni, kuma ka ce kada in cika ka da zancen mawaƙa, abin da kake son ji shi ne yadda ake ɗaukar nauyin jama'a masu yawa haka. Na san dalili. Wanda ya yi shekara goma sha biyar yana bayar da hayar rumfuna da kujeru a Tudun Wada, idonsa ba ya kan mai waƙa, yana kan igiya da turke. To da naka idon na yi ƙoƙarin kallon wurin.

Sunan bikin Glastonbury, ana yin sa a wani ƙauye da ake kira Pilton a yankin Somerset, kudu maso yammacin Ingila, tafiyar kamar awa ɗaya daga Biristol inda nake aiki. Ba filin wasa ba ne. Gonar shanun madara ce, sunanta Worthy Farm, ta wani manomi Michael Eavis. A 1970 ya fara, mutum wajen 1,500 suka zo, kowa ya biya fam 1 aka haɗa masa da madara kyauta. Yanzu 'yarsa Emily ce ke jan ragamar abin, filin ya kai eka 900 da gonakin maƙwabta, mutanen da ke kwana a ciki sun kai 200,000. Ka ɗauka gari ne guda aka kafa da tantuna daga Laraba 26 zuwa Lahadi 30 ga wata, sannan a naɗe shi.

Tikitin bana, na 2024, fam 355 ne, da fam 5 na hidima. A canjin yanzu ya haura naira 600,000, kuma na san Inna za ta yi salati in ta ji. Tun Nuwamban bara aka sayar, bai cika awa ɗaya ba ya ƙare. Sai ka yi rajista da hotonka tukuna, ka ajiye kafin alƙalami fam 75, ka cika sauran a farkon Afrilu. Hoton naka ake bugawa a jikin tikitin, don haka ba mai sayen goma ya ɓoye ya zo bakin ƙofa ya ninka kuɗi. Mu shida muka haɗu daga wurin aiki, ɗaya daga cikinmu ya dace ya saya mana duka.

Abin da ya fara ba ni wuya shi ne kaya. Daga inda mota ta sauke mu zuwa inda muka kafa tanti mun yi tafiyar fiye da rabin awa, da jaka a baya, da tanti a kafaɗa, ga rana. Babu ɗan dako ko ɗaya. Babu mai baro, babu ɗan acaɓa, babu mai keke. Na ga dattijuwa da furfura tana jan kayanta a ƙaramin amalanke ita kaɗai. A tashar jirgi ta Rigasa ko tashar Kawo kafin ka sauke ƙafa yaro ya riga ya ɗora jakarka a ka, ka ba shi abin da ya sauwaƙa, ya samu na abinci kai ka huta. A nan hannun mutum shi ne abu mafi tsada, shi ya sa kowa ke zama ɗan dakon kansa. Wannan hidimar mun fi su ita nesa ba kusa ba, mun saba da ita ne har ba ma ganin ta.

Tantina na mutum biyu ne, fam 40 na saya a wani kanti a Biristol, da katifa mai iska da jakar barci. Kayan nasu ba nauyi, sandunan na lanƙwasuwa, mutum ɗaya zai kafa cikin minti goma. Amma in ka taɓa yadin ka san ba zai yi damina biyu a hannunka ba. Tamfol ɗin da kake ɗinkawa a Kasuwar Barci, da ƙarfen da mai walda ke haɗa maka, sun fi shi ƙarko sau goma. Kuma ban yi wa dare shiri ba. Da rana zafi, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, amma da tsakar dare sanyi ke sauka kamar hunturun Janairu, raɓa ta jiƙa komai. Ƙarfe 5 gari ya waye, kafin 8 tantin ya zama tanda. Barcin kirki dai babu shi.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji: ruwa da bayi.

Duk inda ka juya akwai famfo, kuma ruwan sha ne, kyauta, dare da rana. Ban taɓa murɗa famfo ya yi tari ba a kwana biyar ɗin nan. Tun 2019 suka hana sayar da ruwa a robar da ake sha a yar, kowa da gorarsa yake yawo yana cikawa. Akwai rumfunan wata ƙungiyar agaji, WaterAid, 'yan sa-kai na tsaye suna cika wa mutane. Ka tuna yadda fili ke komawa bayan an tashi daga ɗaurin aure ko taron siyasa, ledar fiya wata ta rufe ƙasa fari fat, ta toshe kwata, ruwan sama ya zo ya rasa hanya. Mutum 200,000 a nan, ban taka leda ɗaya ta ruwa ba. Kwalba ma ba a shiga da ita ko ta turare ce, saboda kada ta fashe ta yanki saniya daga baya.

Bayin kuma ba wani abin ƙawa ba ne. Mafi yawa masai ne irin namu, dogon rami an jera ɗakunan ƙarfe a kansa, sama a buɗe. Wasu kuma na takin gargajiya ne, in ka gama ka zuba kofin ɓuntun katako, daga baya a mayar da shi taki. Abin lura shi ne yawansu, dubbai ne, da masu wanke su da ba sa tsayawa. Kuma an hana fitsari a ƙasa ko a jikin shinge, ana ta jan kunne a kai, domin yana gangarawa rafin da ya ratsa gonar ya kashe kifi. Na tsaya ina karanta allon, Kogin Kaduna ya faɗo min a rai, da abin da muke zuba masa daga kowace unguwa. Ruwan tsarki ne babu a ciki, su takarda suka sani. Allah ya taimake ni na tafi da butata.

Abinci akwai na ko'ina a duniya, rumfuna ɗaruruwa, na Indiya, na Jamaika, har dafa-dukar shinkafa ta 'yan Afirka ta Yamma na samu. Faranti ɗaya fam 11 zuwa 13, kuma ba ya riƙe ciki. Shayi kofi ɗaya fam 3, ruwan zafi da ganye da ɗigon madara. Na yi kewar mai shayin bakin layinmu, wanda zai soya maka ƙwai ya yanka burodi ya sheƙa shayin sama da ƙasa, ya tambayi lafiyar Inna, in ba ka da kuɗi ya ce ka kawo gobe. A nan ba bashi, ba ragi, ba gyara. Naman halal sai an bincika, don haka yawanci na ganye da wake na ci, ko in sayi burodi da madara a babban kantin Co-op da suka kafa a tsakiyar fili, wanda farashinsa ke da dama-dama. Sai dai kowace rumfa da wurin wanke hannu, kuma akwai jami'an duba tsabta. A cikinmu shida ba wanda cikinsa ya ɓaci.

Biyan kuɗi da kati ne ko waya, ka ɗora ta yi ƙara shi ke nan, ba zaman jiran alat. Caji akwai babbar rumfa kyauta, amma layinta ya fi ƙarfin haƙurina, na dogara da fawa bank. Yaron da ke caji a kan tebur a Kasuwar Gumi da zai zo nan da allonsa, da ya yi arziki a kwana biyar. Akwai kuma rumfunan ajiya, ka kai fasfo ko kuɗi a rubuta a ba ka shaida, ba ko kwabo sai abin da ka ga dama ka jefa na sadaka. Asibitin tanti ma akwai, da likitoci.

Waƙar kuwa, ranar Asabar da rana Femi Kuti ya hau babban dandamalin da suke kira Pyramid, mai siffar dalar Masar, inda mahaifinsa Fela ya taɓa zuwa bikin a 1984. Bayansa Ayra Starr ta hau, ranar Lahadi da yamma kuma Burna Boy. Da na hango tutar Najeriya a kan doguwar sanda tana kaɗawa cikin dubban tutoci, sai da idona ya ciko. Abin da zai burge ka shi ne lokaci. In takarda ta ce ƙarfe kaza, to ƙarfe kaza ne, komai girman mawaƙi. Ba a jiran babban baƙo. Sauti bai yanke ba ko sau ɗaya, kuma na can baya yana ji kamar na gaba.

Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, wuri ne na giya, kuma in dare ya yi akwai sassan da ba na ɗan Musulmi ba ne. Shigar wasu ma sai kawar da kai. Ban ga masallaci ba, a bakin tantina nake shimfiɗa darduma, alƙibla a nan kudu maso gabas take. Asuba na shiga tun wajen ƙarfe 3, lokacin wasu ke dawowa daga rawa. Ba wanda ya taɓa tsangwama ta, wani maƙwabcin tanti ma da ya ga ina salla sai ya kashe rediyonsa. Yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa kyauta suke shiga, da filinsu na wasa daban, amma ni ba zan kai nawa ba. Ban ga faɗa ko ɗaya ba, wannan kam gaskiya ce, duk da shaye-shayen.

Ranar Litinin aka watse. Wasu sun bar tantunansu a yashe, abin ya ba ni takaici, don na san gidaje a Rigasa da rufinsu bai kai waɗannan ba. Ɗaruruwan masu tsintar shara suka bi fili a jere, bayansu a ja maganaɗisu da tarakta a tsince turakun ƙarfen da suka maƙale a ciyawa, sannan a sako shanu. Bayan 'yan shekaru kuma sukan tsallake shekara guda a bar gona ta huta, kamar yadda suka yi a 2018.

A mota ina dawowa na yi ta tuna labarin da Baba, Allah ya jiƙansa, yake ba mu na hawan dabar 1977, lokacin da Kaduna ta sauke mahaya da dawakai daga duk faɗin Arewa. Ga kuma kasuwar baje-koli da ake ci duk shekara a hanyar Zariya. Tara jama'a ba baƙonmu ba ne. Abin da na lissafa shi ne, kaso mai tsoka na fam 355 ɗin nan ba mawaƙi na biya ba, famfo na biya, da bayi, da fitila a kan hanya, da wanda zai kwashe shara.

Shi ya sa nake son mu yi magana a kan wannan: in an zo hayar rumfa, ka gwada haɗawa da tankin ruwa mai famfo huɗu, da bayin tafi-da-gidanka guda biyu, na maza da na mata, da yara biyu masu shara, ka yi musu kuɗi ɗaya. Mata musamman za su gode maka, ka san yadda suke shan wuya a wurin biki. Ka tambayo min kuɗin tanki mai lita 1,000 da abin da mai walda zai karɓa, zan turo rabi a ƙarshen wata in Allah ya yarda.

In mai zuwa ya samu, a aiko min da yaji da kuka da daddawa. Kada a sa kilishi, ba a barin nama ya shigo. Ka gaida Inna ƙwarai, ka ce mata butar da ta saka min a jaka ta yi rana.