Hattara da masu sayar da jabun hular farfela ta manyan jiragen rimot

Jama'a masu harhaɗa manyan jiragen yaƙi na rimot, waɗanda faɗin fukafukinsu ya kai inci 80 zuwa sama, ku kula da wata damfara da ake yi da hular farfela, wato ƙoƙon nan mai tsini da ke rufe hancin jirgi. Mustang P-51 da Spitfire da P-40 ba sa yin kama da kansu sai da babbar hula, inci 5 ko 6, kuma mai kyau tana da tsada, ga wuyar samu. Nan 'yan damfara suka ga ƙofa.

Mutum zai sa hoton hula irin ta kamfanin Tru-Turn a zauren masu jirage na Facebook, hoton da ya ɗauko daga shafin wani, ya yanka mata rabin kuɗi, ya ce akwai masu jira a layi. Sai ya nace a biya ta sashen 'yan uwa da abokai na PayPal, wanda ba ya kare mai saye, ko ta katin kyauta. Wani daga nan ya ɓace ke nan. Wannan ma da sauƙi, kuɗi kawai aka rasa. Wanda ya fi cutarwa shi ne mai aiko da kaya: faifan baya, wanda ƙoƙon ke zama a kai, na alminiyom ɗin zubi maimakon wanda aka sassaƙa da inji, ko ƙoƙon roba da aka buga da firinta aka fesa masa fenti.

Ga dalilin da ya sa abin ba wasa ba ne. Inji irin DLE-55 ko DA-50 yana juya farfela mai inci 22 ko 23 kusan sau 7,000 a minti. A wannan gudun, bakin hula mai inci 6 yana tafiyar kilomita 200 a awa, kuma giram 1 kacal da ya rinjaya a bakin yana fizga da ƙarfin kilo 4, yana zagayawa fiye da sau 100 a daƙiƙa. Wannan jijjiga ita ke cin boris ɗin gaban inji, ta kwance notuna, ta tsage katakon da injin ke zaune a kai, ta gajiyar da sarbo, ƙananan motocin lantarki masu sarrafa jirgin. Robar PLA ta firinta kuwa tana fara laushi tun wajen digiri 60 na Salshiyos, zafin da jirgi zai iya ɗauka a cikin motar da aka rufe a rana. In ƙoƙo ya tarwatse, gefe yake watsuwa, daidai inda mai riƙe jirgi ko ɗan kallo ke tsaye.

Kafin ka biya, ka ce ya ɗauki sabon hoto: faifan a kife, awo a kansa, da takarda mai ɗauke da ranar yau. Tambaye shi tsarin ramuka. DA-50 da DLE-55 notuna 4 ne na M5, wato masu kaurin milimita 5, a da'irar milimita 30, ramin tsakiya milimita 10. Mai kaya na gaskiya zai amsa nan take. Wanda ya ce “tana shiga kowane inji” ka rabu da shi.

In kaya ya iso, kar ka huda, kar ka yanka, sai ka gwada, don da zarar ka taɓa shi hujjarka ta raunana. Zura faifan a kan shaf, sandar injin da ke juya farfela: ya shiga cif, babu wasa. Cire fulogi, ɗaure faifan, juya da hannu a hankali, da ma'aunin lilo mai fuska kamar agogo a bakinsa, ko aƙalla waya da aka kafe kusa da shi. In ido ya ga yana lilo, an huda shi a karkace, kuma ƙara nauyi ba ya gyara wannan. Duba bayansa da tocila. Ƙananan ramuka kamar na soso alamar zubi ce. In an ce ƙoƙon na zaren kabon ne, sa mitar gwajin lantarki a bakin da aka yanka wa farfela: kabon na gaske yana wuce da lantarki, zaren gilashin da aka rina baƙi ba ya wucewa.

Ko ta tsallake wannan, ɗaurin ma sai da kula. Daidaita nauyin faifan shi kaɗai tukuna, sannan tare da ƙoƙon, ka yi alamar yadda suka zauna. Bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin ƙoƙon da farfela ta kowane gefe, domin in ya taɓa zai yi mata zane, daga zanen kuma take karyewa. Notin tsakiya kar ya yi tsawo har ya tokare ƙasa kafin ya matse ƙoƙon. A hannu za ka ji ya ɗauru, alhali ƙoƙon a sake yake. Ɗiga wa notin Loctite mai shuɗi, gam ɗin da ke hana noti kwancewa. Farfelar katako tana lotsewa, saboda haka a sake matse notunanta bayan tashin farko. A gwajin farko a ɗaure jirgin, kowa ya koma bayan farfela, a ƙara wuta kaɗan-kaɗan.

Wanda aka riga aka cuta ya adana hotunan tallan da hirarsu, ya shigar da ƙorafi a inda ya biya tun wa'adi bai wuce ba, ya kuma sanar da masu kula da zauren. Hular kuwa kar a sayar wa wani, a fasa ta.