Shafin NOAA na bibiyar guguwar rana, ya cancanci datar da yake ci

Masu tambaya a ina ake bibiyar aman da rana ke yi, ni dai shafin Space Weather Prediction Center na NOAA, hukumar kula da yanayi da teku ta Amurka, nake buɗewa, kyauta ne ko sisi ba ka biya sai datarka.

Abin da ya fi burge ni hotunan kyamarar LASCO ne ta kumbon SOHO da aka harba tun 1995, tana da wani faifai da ke toshe fuskar rana sai gefenta kawai kake gani, to idan layukan maganaɗisu suka yi ta murɗewa a saman baƙaƙen tabon da ke fitowa a fuskar rana har suka tsinke suka sake haɗewa sai ka ga farin gajimare ya kumbura ya fice fuuu, shi ne CME, gas mai zafi mai caji, biliyoyin tan, ɗauke da nasa maganaɗisun. In ya zagaye faifan kaf kamar zobe, to ko dai mu ya nufo ko ta bayan rana ya fita.

Sai taswirar WSA-Enlil mai motsi da ke hasashen tafiyar CME, kai wannan ta haɗu wallahi! Rana a tsakiya, duniya ɗan ɗigo a gefe, gajimaren na tafe yana ƙara faɗi. Iskar rana, wato gas ɗin da rana ke fesowa kullum, tana rage wa CME mai sauri gudu, mai tafiya a hankali kuma ta ingiza shi. Hasken fashewar minti 8 ya iso mana, amma CME ko mai gudun kusan kilomita 3,000 a sakan sai ya ci awa 15 zuwa 18, wasu kwanaki suke yi.

Lokacin isowa fa kar ka rantse da shi, hasashe ne, yakan kauce da awanni. Kuma ba a sanin ƙarfin dukan sai ya iso kumbunan da ke kilomita miliyan 1.5 daga nan an auna Bz, wato inda maganaɗisunsa ya fuskanta, arewa ko kudu, in ya karkata kudu shi ne ake shan wuya, kamar 10 ga Mayun 2024 da aka kai G5, mataki mafi tsanani a ma'aunin guguwar, rabon da a ga haka tun 2003.

Turanci ne zalla kuma jadawalin ya fi daɗin kallo a kwamfuta. Mu na kusa da ikwaita kar mu sa ran ganin aurora, hasken nan mai launi da guguwar ke haifarwa a sama, amma mai awon fili da GPS ko mai rediyon gajeren zango ya riƙa leƙawa kafin ya fita aiki, don guguwar kan rikita su.