GARGAƊI ga masu shiga daji sayen kaya: an cinye min dubu 480 da sunan taswirar mota

Jama'a ku yi hattara da wani yaro a Ikeja da yake cewa yana haɗa wa mutane taswira a laftof ta cikin mota, wadda ko a tsakiyar daji za ta nuna maka hanya ba sai da sabis ba. Dubu 480 ya ci min. Dubu 480 cas, a wannan marrar da ake ciki. Wallahi ina rubutun nan hannuna rawa yake, jiya ko barcin kirki ban yi ba, maiɗakina har ta gaji da tambayata lafiya.

Kuma tun kafin wani ya zo yana ce min ai Alhaji garaje ka yi, a'a, ku tsaya ku ji. Ni ba baƙo ba ne a Legas, a Agege na yi aure, a nan na haifi 'ya'yana, babu kalar ɗan damfarar da ban gani ba. Sana'ata sayen ƙwallon kashu da ƙwarar kaɗanya, muna bin Ibadan mu fita Iseyin mu wuce Saki, wani lokacin har ɓangaren Kaiama a Kwara, kuma duk wanda ya san yankin nan ya san da ka sauka daga kwalta shi ke nan, sabis ya ɗauke, hanya ta rabu uku babu allo babu wanda za ka tambaya sai ka ci sa'a ka gamu da mai babur ko Bafulatani da shanunsa. Ga yanayin tsaro, ba wurin da mutum zai so magariba ta same shi yana lalube ba ne. Abin da ya sa na nemi abin ke nan, ba don gayu ba.

Kuma na GWADA. Wannan shi ne abin da yake ci min rai, na gwada da idona. Yaron nan ya fito da laftof irin mai kaurin nan, Panasonic Toughbook, mai hannun riƙewa kamar jaka, ya buɗe ta a kan benci ya fasa ledar fiya wata da haƙori ya tsiyaya ruwan a kan madannan tana kunne, ya kalle ni yana murmushi ya goge da gefen rigarsa, ba abin da ya same ta. Sannan ya ce Alhaji mu shiga motarka. Muka shiga Hilux ɗina, ya ɗauko wata 'yar na'ura baƙa zagayayya mai doguwar waya, ya miƙa hannu ta taga ya ɗora a rufin mota ta manne ɗaf saboda akwai maganaɗisu a ƙasanta, ya soka wayar a laftof. Ya ce in kashe datar wayata, ya kashe tasa a gabana. Muka hau Awolowo Way, kibiya tana tafiya a kan taswira, na yi kwana ta yi kwana, na tsaya a danja ta tsaya, muka shiga Allen ta shiga. To don Allah wa zai ga wannan ya ce ƙarya ne? Ku faɗa min. Wa?

Kuma Bahaushe ne ɗan'uwanmu, wannan ce ta fi ƙona min zuciya. Da aka kira la'asar tare muka yi alwala, shi ya miƙo min buta. Muna fitowa ya riƙe hannuna ya ce "Baba ai ni ɗanka ne, in na cuce ka a garin nan ina zan sa kaina." Haka ya ce. Baba ai ni ɗanka ne. Maganar nan tun shekaranjiya take yi min yawo a ka.

Lissafin dai ga shi: laftof dubu 300, na'urar rufin mota dubu 70, inbata mai ba laftof wuta daga batirin mota da ƙarfen da za a ɗaure laftof ɗin a gefen kujera da kuɗin aiki dubu 50. Dubu 420 ke nan na tura masa nan take, alat ya shiga a gabana. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, na kuma tambaya, ba wai ban tambaya ba, ya ce na maigidansa ne mai shagon, kuma kowa ya san yaran kasuwa haka suke yi. Sauran dubu 60 ɗin daga baya ne, zan zo kanta.

Af, na tsallake wani abu. Wanda ya haɗa ni da shi ma ba saninsa ya yi ba ashe, a wani guruf na direbobi ya ga tallansa da bidiyo ya turo min. Shi ma yanzu ko wayata kunyar ɗauka yake. Kuma shagon da muka zauna, da na koma mai shagon ya rantse min bai san shi ba sai dai yakan zo ya zauna a bencin waje ya yi cajin waya, wai shi ya ɗauka ma tare muka zo. Ni kuma a lokacin yadda yake shiga yana fita yana taɓa kaya yana wasa da yaran wurin, ko kai ne za ka ce shagonsu ne.

To bayan gwajin sai ya ce in bar laftof ɗin ta kwana zai loda taswirar Oyo da Kwara da Neja gaba ɗaya, wai tana da nauyi. Magana mai ma'ana. Washegari ya ce yana wajen wani aiki a Apapa, ya aiko wani yaro da kwali an naɗe da salatif ya same ni a ƙarƙashin gadar Ikeja, ga go-sulo ga masu danfo suna ta danna min oda, na karɓa na jefa a kujerar baya na wuce. Da daddare a gida na kunna. Ina zaune a ƙofar gidana a Agege, mota a kashe, kibiya tana tafiya a Awolowo Way. Na kira shi, bugu ɗaya ya ɗauka, Baba ina wuni, ya ce ai rajistar tauraron ɗan adam ce ba a kunna ba shi ya sa take nuna wurin da ta tsaya a baya, ana biyan dubu 60 a shekara, ya manta bai faɗa min ba, in yi haƙuri. Mutum ya riga ya zuba dubu 420, zai tsaya a kan 60? Na tura. Dubu 480 ke nan. Ya ce in ba ta awa 24 za ta daidaita da kanta.

Muka kama hanya da yarona. Mun wuce Berger tana Allen. Mun shiga Ibadan tana Allen. Wallahi har Iseyin kibiyar nan tana zagaye Ikeja, ta je danja ta tsaya ta yi kwana ta dawo, daidai zagayen da muka yi da shi ranar gwaji. Inbatar kuma tun kafin Shagamu ta fara ƙauri ta ƙona fis ɗin wurin kunna sigari, batirin laftof ɗin ko minti goma ba ya riƙewa, sai a gidan mai muke roƙon soket mu kunna mu gani ko ta gyaru. Lambarsa a kashe. WhatsApp ya toshe ni. Ya yi layar zana.

Ɗan yayana da yake karatun kwamfuta shi ya warware min komai da muka dawo, yana yi yana danne dariya, na ce yi abarka. Ya ce Kawu wannan ba ita ce wadda aka gwada maka ba, an canza, gangar jikin ce iri ɗaya amma wannan tsohuwa ce tukuf, ko SSD, ma'ajiyar bayanai ta zamani, babu a ciki sai tsohon faifan nan mai juyawa wanda ba ya son jijjigar hanyar burji. Zagayen da muka yi ranar gwaji yaron ya naɗe shi ya ajiye, shi ne manhajar take ta maimaitawa. Sai ya sa sukundireba ya ɓalle 'yar baƙar na'urar a gabana. Maganaɗisu ne a ciki da ɗan jan ƙwai mai ƙyaftawa, sai gam. Shi ke nan. Dubu 70.

Ya ce kuma babu wani abu wai shi rajistar tauraro. GPS, wato tsarin taurarin da ke nuna wa na'ura inda take, na gwamnatin Amurka ne, siginar kyauta take sauka ga kowa a duniya, na'ura karɓa kawai take yi, in ta kama taurari huɗu a fili ta san inda kake, ba data ba kuɗin shekara. Taswirar ma ta OpenStreetMap ce da kowa yake saukewa kyauta. Ya karɓi wayata ya sa min manhajar taswira mai suna OsmAnd ya sauke taswirar Najeriya, ya sa wayar a yanayin jirgin sama, ga ni nan ɗigo a ƙofar gidana. Wayar da take aljihuna tun farko! Ya dai ce ba kowace hanyar daji ce take ciki ba, sai dai in riƙa naɗe hanyar da na bi da kaina don gaba. Laftof a mota kuma ana yi da gaske, masu yawon sahara suna yi, amma caja ta mota ake saya mata kai tsaye ba wannan inbatar banzar ba.

Dubu 60 ɗin nan ta fi min ciwo a kan 420, Allah ya sani. Ina zaune a gidana ya kira ni Baba ya sake karɓa.

Na kai rahoto wajen 'yan sanda, na je banki na cike takarda, sun ce kuɗin tun a ranar aka kwashe. Ina da rasit ɗin tiransifa duka biyun, ina da hirarmu, ina da muryarsa inda yake cewa rajista, da hoton cikin na'urar, duk zan ɗora su in ɗan yayana ya rufe min lambobin da bai kamata a gani ba. An ce kar in sa hoton fuskar ɗan damfarar tukuna sai an gama bincike, shi ya sa, ba tsoro ba ne.

Ku dai abin da aka gwada muku shi za ku ɗauka a take, kar ya kwana, ku duba lambar jikinta. Duk wanda ya ce ku biya kuɗin tauraro don GPS ya yi aiki ɓarawo ne.

Kuma in kana karanta wannan, kai da ka san kanka, ban yafe ba. Dubu 480. Kuɗin kashun mutane ne a ciki, ba nawa ni kaɗai ba, yanzu sai na san yadda zan yi in cike musu kafin ƙarshen wata. Allah ya isa.