Hypo a gyaran gida na Sallah: inda yake biyan kuɗinsa da inda yake ɓarna

Da goman ƙarshe na azumi ta shiga, ko watan Zulhajji ya kama, cefanen uwargida kan ƙaru da kayan tsafta, kuma da wuya a rasa Hypo a ciki, ko na leda ko na roba. Baƙi za su zo yawon Sallah, wasu ma da kwana, ban-ɗaki ɗaya zai ɗauki mutum goma sha. Hukuncinmu a kansa shi ne: ya cancanci a saya, domin a araha da saurin kashe ƙwayoyin cuta ya sha gaban Izal da Dettol. Amma aikinsa a gida bai kai yawan wuraren da ake zuba shi ba, kuma yawancin masu kuka da shi wurin amfani suka kuskure.

Hypo ruwan bilic ne, wato sinadarin kulorin da aka narkar. Irin wanda ake sayarwa a shagunanmu, kamar shi da Jik, ƙarfinsa kan kasance wajen kashi 3.5 cikin ɗari, kuma ana rubutawa a jikin robar, sai a duba. Ba sabulu ba ne. Ba ya narkar da maiƙo, ba ya ɗauke ƙura, kuma datti na cinye ƙarfinsa tun kafin ya kai ga ƙwayar cutar. Shi ya sa zuba shi kan tayil mai dauɗa asarar kuɗi ce. Matsayinsa a ƙarshen aiki yake: a fara da kakkaɓe yana da goge fanka da saman tagogi, a yi shara, a wanke da omo da buroshi, a ɗauraye, sannan a bi da ruwan Hypo.

Awo shi ne inda ake yawan faɗuwa. Don goge ƙasa, bango mai tayil, hannun ƙofa, buta da bakin masai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari. Da bilic mai 3.5, hakan na nufin awo 1 na Hypo a awo 34 na ruwa, wato babban cokali biyu a lita ɗaya, ko kimanin mililita 300 a bokiti mai lita 10. Ruwan ya zama mai sanyi, domin ruwan zafi na kashe kulorin ya kuma tayar da tururi mai shiga ido. A bar wurin a jiƙe aƙalla minti ɗaya, in da hali minti goma, kafin a ɗauraye. Wanda ya shafa ya goge nan take bai yi komai ba sai warin da ya bari. Kuma abin da aka haɗa yau na yau ne, in ya kwana a zubar a sake sabo.

A Babbar Sallah ne yake nuna kansa sosai. Wurin da aka yanka rago aka feɗe, aka wanke tumbi da hanji, ƙarni kan kama shi, ƙudaje su taru, ga baƙi na shigowa ta nan. A fara kwashe ƙazantar ciki da shebur a kai ta nesa. Jini da ruwan sanyi ake kore shi, domin ruwan zafi na dafa shi ya manne wa siminti. Kitse kuwa sai ruwan zafi da omo. Bayan an dirje an ɗauraye, a haɗa mai ƙarfi, awo 1 a awo 6 na ruwa, a kwarara a wurin har zuwa bakin kwata, a bar shi minti goma. A nan Izal ba ya kamo shi. Izal na danne ƙarni da nasa warin, bayan sa'o'i kaɗan sai a ji su biyun tare a tsakar gida. Katakon yankan nama da bahon roba su ma a wanke su da sabulu, a jiƙa su a haɗin mai sauƙi, a ɗauraye da kyau, a shanya a rana. Wuƙa da adda kada su daɗe a ciki, tsatsa za su yi.

A ban-ɗaki aikinsa rabi ne. Baƙin funfuna da ke bin layin tayil da gamsakukan gindin bango yana cire su tas. Amma jan tabon nan ko ruwan ɗorawa da ke fitowa a cikin masai da ƙarƙashin famfo a gidajen da ke amfani da ruwan burtsatse, wannan ba dauɗa ba ce, ƙarfe ne da gishirin da ke cikin ruwan. Bilic ba ya cire shi, yakan ma ƙara masa duhu. Maganinsa abu mai asid, irin su Harpic. A matsa shi ƙarƙashin leɓen masan, a bar shi minti goma zuwa ashirin, a dirje da buroshi, a kora.

Ga kuma haɗarin da ya fi kowanne girma, kuma a jajibiri ake yawan aukar da shi saboda sauri: haɗa Hypo da Harpic a masai ɗaya don wai su fi ƙarfi. Asid da bilic in suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa, mai shaƙe numfashi, mai sa tari da hawaye, kuma a ƙaramin ban-ɗaki mai rufaffiyar taga tana iya kai mutum asibiti, balle mai asma. Haka ruwan khal da ruwan lemon tsami. In za a yi amfani da su biyun, a gama da Harpic, a kora ruwa sau biyu ko uku, sannan a zo da Hypo. Inda zarni ya kama, a fara kora ruwa da yawa, domin fitsari ma na tayar da iska mai cutarwa in bilic ya same shi. Taga a buɗe, safar roba a hannu.

A falo da ɗakin baƙi kusan babu abin da zai yi. Ɗigo ɗaya a kafet, darduma, kujera ko labule mai launi ya zama farin tabo na har abada. Zanin gado da tawul farare na auduga kaɗai ne za su amfana, su ma a yi haɗin da ya fi na goge ƙasa sauƙi da rabi, jiƙo na minti goma zuwa sha biyar, ba kwana ba, domin yana cin zare. Shadda mai rini, atamfa, leshi da duk abin da ke da siliki ko ulu, a nisanta su da shi. Tukwanen alminiyam yana dusashe su, kan famfo mai sheƙi yana cin sa in ba a ɗauraye ba. Marmara da tarazo ba sa son bilic mai ƙarfi, Harpic kuwa ƙone su yake yi. Ga irin wannan daɓe ruwan sabulu kaɗan da tsumma ya wadatar. Mai son ƙamshin tsafta a ɗaki Dettol ya fi dacewa da shi, cikin murfin kwalbarsa ɗaya ko biyu a ruwan goge ƙasa, sai dai shi da Izal duka suna cutar da kyanwa in ta taka ta lashe ƙafarta.

Warinsa ma abin lura ne. Ba ya shiri da turaren wuta, in aka kunna kasko alhali ƙasa ba ta bushe ba ƙamshin ne zai lalace. Gara a gama duk aikin Hypo, ban da na wurin yanka, kwana guda kafin Sallah, gida ya sha iska ya kwana, da safe a turara labule da kujeru.

Gida zai cika da yaran dangi, saboda haka kada a taɓa juye shi a robar lemo ko ta ruwan sha, kuma bokitin haɗin kada ya zauna a tsakar gida. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kuskure masa baki, a ba shi ruwa kaɗan ya kurɓa, a tafi asibiti da robar a hannu. In ido ya shiga, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti goma sha biyar.

Game da wanda za a saya: na leda ya fi wa mai ƙaramin aiki, don ana yankawa a ƙarar, amma ragowarsa ba ta ajiyuwa kuma tana ɗiga kan kaya. Gidan da zai yi layya ya kuma sauki baƙi, roba mai lita ɗaya za ta ishe shi in an bi awo. A duba ranar da aka yi shi, a guji wanda aka jera a rana bakin shago, domin zafi da haske na rage masa ƙarfi tun yana rufe. In aka buɗe aka ji warin ya yi rauni, a mayar a karɓo wani.