FreeBMD: inda ake bin sawun sunayen Turawan mulkin mallaka

Ɗaliban tarihi a Bauchi da Gombe kan ci karo da baƙon sunan Bature a tsofaffin takardun lardi. Mai son gano yankin da zuriyar mai sunan ta fi yawa, ya fara da shafin intanet na FreeBMD. Kyauta ne, kuma ba ya cin data sosai.

Shafin yana ɗauke da jerin rajistar haihuwa, aure da mutuwa na Ingila da Wales tun daga Yulin 1837. Ka rubuta sunan zuriya kaɗai, ka zaɓi haihuwa, ka ware shekara goma-goma, sannan ka ƙirga gundumomin da ya fi fitowa. Rubu'in shekarar da aka yi rajistar ake nunawa, ba ranar haihuwa ba, don haka wanda aka haifa a Disamba yana iya faɗawa rubu'in Maris (Janairu zuwa Maris) idan a lokacin aka yi masa rajista.

Amma da gyara. Babu Scotland, sai ka nufi shafin ScotlandsPeople. Kafin 1875 wasu iyayen ba sa yin rajista. Masu kwafar tsofaffin rajistar zuwa shafin kan yi tuntuɓen harafi, saboda haka a gwada rubutun sunan iri biyu ko uku. Haihuwar Lugard kuwa ba ta ciki, don a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858.